Santi 55 aka ƙara mini a awa, aka rufe mana katin abinci: ina neman shawara

Mai tambaya (a sakaya sunana):
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, yau kwana uku ban yi barcin kirki ba.

Ina zaune a Bronx, cikin birnin New York na Amurka, ni da yarana biyu, babban shekararsa 13, ƙaramar 6. Shekarata 11 a ƙasar nan. Da na zo kitso na fara yi a wani shago a Harlem, tsayuwa tun safe har dare, har bayana ya soma ciwon da har yau bai sake ni ba. Shi ya sa na je na yi kwas na samu takardar aikin kula da tsofaffi a gida. Tsohuwar da nake kula da ita yanzu shekararmu 4 tare. Ta haura 80, ba ta ji sosai, kuma ba ta yarda kowa ya yi mata wanka sai ni. Akwai lokacin da na yi sati ɗaya ina jinya aka turo wata, ƙin cin abinci ta yi. Ita ce take nuna mini agogo idan azahar ta yi, ta ce in je in yi sallata. Ɗanta ma mutumin kirki ne, da salla har tsarabar yara yake ba ni. Bas ɗaya da jirgi ɗaya nake hawa kafin in isa, ƙarfe 9 in kama, ƙarfe 5 in tashi, Litinin zuwa Juma'a.

To ga abin da ya faru. Da shigowar Janairun nan na 2025 aka ƙara mana kuɗin awa daga dala 18.55 zuwa 19.10. Ba ni na roƙa ba, dokar jihar New York ce ga duk masu irin aikinmu. A sati dala 22 ke nan, a wata bai kai 100 ba, kafin ma a cire haraji. Wallahi har hamdala na yi.

Sai lokacin sabunta fud stam ɗinmu, wato katin tallafin abinci na gwamnati, ya zo. Na ɗauki hoton takardun albashina na sati huɗu na tura kamar yadda na saba. Shekaranjiya wasiƙa ta zo, wai kuɗin da nake samu a wata ya kai dala 3,310, iyakar gida mai mutum uku kuma 3,228 ce, saboda haka ƙarshen Fabrairu za a rufe. Dala 271 muke samu duk wata. An ba ni 95 da dama, an karɓe 271 da hagu. Haya kaɗai 1,850 nake biya. Ƙwai kun ga yadda ya koma, ga azumi saura kwanaki. Na kira ofishin na fi awa ɗaya a layi, wadda ta ɗauka ta ce lissafi ne ba ita ba.

In rage awa ne? In ɗaukaka ƙara? Ko in haƙura? Don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Maman Sadik:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ni ma aikinmu ɗaya. Ni nawa ma ta wani wajen ya ɓullo, don gidan gwamnati nake, haya kashi 30 cikin ɗari ce ta abin da kake samu. Duk ƙarin da aka yi mini sai na raba da su. Kuma ruwa na zuba daga silin banɗakina tun kafin sanyi ya shigo, na kai ƙara sau nawa, babu wanda ya leƙo. Amma ranar lissafin haya ba sa makara. Allah Ya kawo mana mafita kawai.

Alhaji Mai Tasi:
Ke yarinya saurara. Shekarata 26 a garin nan, babu irin wasiƙar da ban gani ba. Maganarki ba ta da wuya, ke ce kika ɗauke ta da zafi. Gobe ki kira kamfaninku ki ce a mayar da ke awa 38. Awa 38 sau 19.10 dala 725 da 'yan kai ne a sati, a wata wajen 3,145, kin dawo ƙasan layi. Ki jira takardun albashi huɗu su fito, ki sake cikawa. Kin yar da 165, kin ɗauki kusan 300. Ko ɗan firamare ya san wanne ya fi. Kada ki ɓata lokacinki da wata ƙara, babu wanda ya taɓa cin gwamnati a kotunta. Duk matan da na ba wannan shawara suna nan suna cin abincinsu.

Mai tambaya:
Na gode Alhaji, Allah Ya ƙara girma. Amma ba haka abin yake da sauƙi ba. Awa 40 aka rubuta wa tsohuwar nan. In na ce zan bar biyu, ba za su samu wadda za ta zo don awa biyu ba, cire ni za su yi gaba ɗaya su sa wata. Ni kuma a jefa ni gidan da ban san halin mutanensa ba. Na taɓa aiki a gidan da ake sakar mini kare.

Alhaji Mai Tasi:
Tsohuwar uwarki ce? Kamfanin nan neman ma'aikata suke ido rufe, ba za su sake ki ba. Ku mata matsalarku ke nan, tausayi a inda ake lissafi.

Hajiya Babba:
Alhaji a sassauta harshe. 'Yata, ni abu ɗaya ban gane ba. Kin ba mu labarin tsohuwa har da ɗanta, amma ba ki ce komai a kan uban yaran ba. Yana raye? Yana gidan? Yana kawo wani abu? Don duk shawarar da za a ba ki a kan wannan ta rataya.

Mai tambaya:
Hajiya yana raye. Ba ya cikin lissafin. Ba wannan ce tambayata ba, ku yi haƙuri.

Anti Malama:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina taya mutanenmu cike irin waɗannan takardu, bari in ɗan warware, don kada a yanke shawara cikin duhu.

Iyakar da aka faɗa miki daga ma'aunin talauci na gwamnatin tarayya aka ciro ta. Na 2024 ga mutum uku dala 25,820 ne a shekara. Ƙa'idar tarayya ta SNAP, wato fud stam, kashi 130 cikin ɗari na wannan ce, wato 2,798 a wata. Jihar New York ta ɗaga zuwa kashi 150 ga gidan da ake aiki, shi ne 3,228 ɗin da ke wasiƙarki. A ƙarshen bara kina kan 18.55, kuɗinki na wata 3,215 ne. Kin ga da dala 13 kacal kika tsira, ba ki sani ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne lokaci. Albashi yana hawa ranar 1 ga Janairu, iyakar SNAP kuma ba ta motsi sai 1 ga Oktoba. Wata tara kina ɗauke da sabon albashi ana auna ki da tsohon ma'auni. Na 2025 ya riga ya fito a Janairu, 26,650 ga mutum uku, wanda zai sa iyakar ta koma wajen 3,330 a Oktoba. Ke kina 3,310, kin ga za ki sake shiga. Sai kuma Janairun 2026 a ƙara muku zuwa 19.65 kamar yadda dokar ta tsara, kuɗinki ya haura 3,400, ki sake fita.

Yanzu ga tambayata, kuma ita ce mai muhimmanci. Kina tashi aiki ƙarfe 5, ga tafiya. Wa yake ɗauko ƙaramar daga makaranta ya riƙe ta? Kina biya? Domin a New York gidan da yake biyan kuɗin raino daga aljihunsa, ko yake da tsoho mai shekara 60 ko naƙasasshe, iyakarsa kashi 200 ce, wato dala 4,300 da ɗan ɗoriya ga mutum uku. Kuma kuɗin rainon ana cire shi daga lissafi, abin da za a ba ki ma yana iya ƙaruwa.

Mai tambaya:
Anti akwai wata Inna maƙwabciyarmu, ita take ɗauko ta. Dala 60 nake ba ta duk Juma'a. Amma ban taɓa rubutawa ba, kuma gaskiya ba zan iya sa sunanta a takardar gwamnati ba. Matar nan ita ta riƙe ni lokacin da na haihu ba ni da kowa. Tana da nata dalilan na tsoron takarda.

Anti Malama:
Ƙanwata, wannan 60 ɗin ita ce mabuɗin ƙofar. Ba sai gidan raino mai lasisi ba, maƙwabciya ma ana karɓa. Za su iya neman 'yar takarda da sa hannunta cewa kina biyan ta. Ki zauna da ita ki yi mata bayani kafin ki yanke mata hukunci.

Alhaji Mai Tasi:
Kada ki kuskura! Malama da boko kike magana, ni da ido na gani. Ranar da sunan Innar nan ya shiga kwamfuta, an san tana karɓar kuɗi, nata tallafin za a bi a taɓa. Ki gyara naki ki ɓata na wadda ta rufa miki asiri? Kuma maganar Oktoba ba haka ba ne, duk shekara da sabon lissafi ya fito a Janairu komai yake canzawa. Ki rage awa kawai na ce. In kina son cike gurbin, ranar Asabar ki yi kitso biyu a ɗaki, kuɗi a hannu, wa ya gan ki?

Anti Malama:
Alhaji, na inshorar lafiya ne yake sauyawa a farkon shekara. Na abinci Oktoba ne, kowa ya duba wasiƙarsa ta Satumba zai gani. Maganar kuɗi a hannu kuwa, in aka gano, biya za ta yi har na baya, a kuma dakatar da ita shekara guda a karon farko. Rage awa ba laifi ba ne muddin ba ta sauka ƙasa da 30 a sati da gangan ba, amma ɓoye kuɗi wani abu ne daban.

Malam Na Masallaci:
Jama'a mu ji tsoron Allah. Takardar nan rantsuwa ake sa wa hannu a ƙasanta. Abincin da aka samu da ɓoye gaskiya, shi za a yi buɗa-baki da shi? 'Yar'uwa, abin da yake haƙƙinki ki nema ta hanyarsa, wanda ba naki ba ki bar shi. Kuma masallatai da yawa suna rabon kayan abinci da azumi, babu kunya a ciki.

Alhaji Mai Tasi:
Malam ka bar wannan. Gwamnatin da tun 5 ga Janairun 2025 take karɓar dala 9 a hannun mai mota don kawai ya sauka ƙasa da titi na 60 a Manhattan, ita ce za a ji tausayi? Mu direbobi wa ya taɓa tambayar mu yadda muke biyan inshora? Awa 12 nake zaune a mota, gwiwata ta tafi, ban taɓa karɓar ko santi na tallafi ba, harajina ne ake rabawa. In na ce ta ɗauki abinta na san abin da nake faɗa.

Ɗan Gwammaja:
Ni daga Kano nake bibiyar ku, yayana ne ya sa ni a zauren. Na buga lissafi, dala 3,310 a canjin farkon 2025 ta doshi naira miliyan 5. A wata! Kuma ana kuka? Mu nan tun Yulin 2024 aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi 70,000, a farkon 2025 buhun shinkafa ya fi shi, wasu ma har yau ba su ga ƙarin ba. Tallafin 25,000 da aka yi ta sanarwa, a layinmu ban san wanda ya samu ba. Ku gode wa Allah Anti.

Maman Sadik:
Ɗan Gwammaja ka buga hayar ma a canjin mana. 1,850 ɗin da take biya nawa ce a naira? Irin lissafin nan naku ne ya sa waya ba ta barin mu barci.

Mai tambaya:
Ƙanena ina godiya ga Allah kullum. Amma bayan haraji abin da yake shigowa hannuna bai kai 3,000 ba. Cire haya, wuta, waya, kuɗin jirgi, kuɗin Inna, islamiyyar yara, da abin da nake tura wa mahaifiyata na magani. Ka faɗa mini abin da ya rage.

Tunda an kai nan bari in faɗi abin da ban so faɗa ba. Ba don tsohuwa kaɗai na ƙi rage awa ba. Na samu takardar zama 'yar ƙasa, na shigar wa mahaifiyata takardu, an kusa kai wa matakin da zan nuna ina da ƙarfin ɗaukar nauyinta. An ce mini sai kuɗina na shekara ya kai 39,000. Da awa 40 ina da 39,728. Da awa 38 ɗin Alhaji ban kai 38,000 ba. Shekara 7 rabona da ita.

Anti Malama:
Kai, ƙanwata, da kin faɗi wannan tun farko. Takardar ɗaukar nauyi, I-864, tana neman kashi 125 na wancan ma'aunin dai, kuma ana ƙirga wanda za a kawo, kun zama huɗu. 39,000 lissafin 2024 ne. Na 2025 kuwa 32,150 ne ga mutum huɗu, kashi 125 ɗinsa 40,187, kuma a 'yan shekarun nan farkon Maris ake fara aiki da sabon. Ko da awa 40 ɗin kin gaza da dala 460. Wajen abinci an ce kin yi ƙarfi, wajen kawo Mama za a ce ba ki kai ba. Mafita a nan ita ce mutum na biyu da zai sa hannu tare da ke, doka ta yarda, in ɗan ƙasa ne ko mai katin zama kuma kuɗinsa ya kai.

Mai tambaya:
Innalillahi. Anti wa zan roƙa ya sa hannu a wannan? Nauyi ne na shekaru. Ni ban iya roƙo ba.

Alhaji Mai Tasi:
To kin gani. Da ma mai neman kawo uwa ba ya kusantar fud stam, ranar intabiyu za su fito da shi a ƙi ba ta biza. Rufewar nan ma alheri ce. Ki manta da katin, ki nemi ƙarin aiki Asabar da Lahadi, duk awar da ta haura 40 ninki ɗaya da rabi ce. Kuɗinki na shekara zai wuce 45,000.

Maman Sadik:
Alhaji ɗazu ka ce ta rage, yanzu ka ce ta ƙara.

Alhaji Mai Tasi:
Ɗazu ba ta faɗi gaskiyar zance ba. Likita da abin da aka gaya masa yake ba da magani.

Anti Malama:
A ƙa'idar hukumar shige da fice ta Disamban 2022, ba a ƙirga SNAP a cikin abin da ke sa a ce mutum zai zama nauyi ga gwamnati. Amma mai neman biza daga gida ofishin jakadanci ne ke duba shi, ga sabuwar gwamnati ta hau a Janairun 2025, don haka wannan gaɓar lauyan shige da fice za ki kai wa, akwai masu yi kyauta. In kuma kika bi ta ƙarin awa, ki sa ido a kan inshorar yara. Medicaid ɗin yara, wato inshorar lafiya ta gwamnati, iyakarsa kashi 154 ce, wajen 41,000 gare ku, in an haura sai a mayar da su Child Health Plus, wata inshorar yara ta jiha. Ba rasa inshora za su yi ba, amma wata takardar ce kuma.

Maganar ƙara: kina da kwana 90 ki nemi a saurare ki. Sai dai tunda a wajen sabuntawa aka rufe, ba za a ci gaba da saka miki kuɗi kina jira ba, kuma in lissafinsu daidai ne alƙali ba zai canza iyaka ba. Abin da zai canza sakamako shi ne kuɗin rainon.

Baban Walid:
Ni abin da yake ƙona mini rai shi ne ma'aunin kansa. Wata ma'aikaciyar gwamnati, Mollie Orshansky, ta tsara shi a farkon shekarun 1960: kuɗin abinci mafi arha, a ninka sau uku, don a lokacin abinci ne yake cin kashi ɗaya cikin uku na kuɗin gida. Tun daga nan hauhawar farashi kawai ake ɗora masa duk shekara. Kuma lamba ɗaya ce a jihohi 48, Alaska da Hawaii kaɗai aka ware. Mai haya a Bronx da mai haya a ƙauyen Mississippi mudu ɗaya ake auna su da shi. 'Yar'uwar nan haya ta cinye fiye da rabin albashinta. Jiha ce ta ƙara albashin, jiha ce kuma ta zaɓi kashi 150, alhali tarayya ta ba ta dama har 200, wasu jihohin ma sun ba kowa 200 ɗin. Mu da muke da ƙuri'a me ya hana mu je ofishin ɗan majalisar jiha na unguwarmu mu faɗa? Taron suna muna cika ɗaki, wannan kuwa mutum biyar ba za a samu ba.

Alhaji Mai Tasi:
Kafin ɗan majalisa ya amsa maka an yi sallar layya. Yarinya na maganar tukunyar watan gobe kana ba ta tarihi.

Hajiya Babba:
'Yata ni dai na koma kan tambayata. In uban yaran nan yana ƙasar nan yana aiki, shi ya kamata ya cike 271 ɗin nan, kuma shi ne mutum na biyun da Malama take faɗa. In kuma akwai matsala a tsakaninku, ki same ni ta gefe, mu manya aikinmu ke nan.

Mai tambaya:
Hajiya na gode, amma kowa ya san inda takalminsa ke matsa masa. Na yi shekara 3 ina riƙe da gidan nan ban nemi kowa ba, ba kuma sakaci ne ya kai ni nan ba, aiki na yi aka ƙara mini. Asabar da Lahadi su kaɗai nake ganin yarana, yaron yana shekarun da in ka sake shi titi ya ɗauka, ba zan ƙara kwana ba. Awa kuma ba zan rage ba. Inna zan gwada yi mata maganar gobe in na je ɗauko yarinya, amma in na ga fuskarta ta canza zan bar zancen.

Anti Malama:
In ta yarda, ki kai takardar kafin 28 ga wata, ya fi sauƙi a kan sabon cikawa.

Alhaji Mai Tasi:
Za ki dawo ki ce Alhaji ya faɗa.

Maman Sadik:
Anti Malama, ni ma ƙanwar mijina nake ba 50 duk sati tana riƙe mini Sadik, amma gida ɗaya muke kuma tukunya ɗaya. Nawa zai shiga?